Darasi na 9: Kwafa da Gyaran Zubin Kiɗa a Kan Na'ura

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran mai koyo zai iya:

1. bayyana abin da na'urar kiɗa take riƙewa idan an buga mata ganga;
2. karanta lambobin da take ƙirga lokaci da su;
3. kwafar zubi, ko wani yanki nasa, ba tare da ya ɓata na asali ba;
4. gyara bugu ɗaya ɗaya, da jera zubi har ya zama kiɗan waƙa cikakkiya;
5. bambance kwafar da ta halatta da wadda take cin haƙƙin wani.

Gabatarwa

Duk wanda ya halarci biki a Kirikasamma ko Baturiya ko cikin garin Haɗeja ya ji irin kiɗan da ke fitowa daga lasifika yanzu. Ganga tana tafiya minti biyar ko shida, ba ta ja baya, ba ta wuce gaba. Haka kiɗan tallar rediyo yake, haka na waƙoƙin fim da na siyasa, da na sha'irai da dama. Mutane suna zaton wani ne ya zauna ya buga shi tun daga farko har ƙarshe. A mafi yawan lokuta abin da makaɗin ya buga da hannunsa bai wuce na 'yan daƙiƙoƙi ba. Sauran duk kwafa ce da gyara da jerawa.

Wannan sana'a ce da ake cin abinci da ita, kuma ƙa'idarta guda ce: a gina zubi ɗaya mai kyau, a ajiye shi, sannan duk gyaran da za a yi a yi shi a kan kwafi. Manomin shinkafar rani a fadamar Haɗeja ya san wannan tsari. Yana renon iri a fangali ɗaya, daga nan yake cirar dashe ya cika gona, kuma ba ya tattake wurin renon sai ya ga dashe ya kama. Zubin farko shi ne wurin renon, za mu riƙa kiransa uwar zubi.

Kalmomin aiki

- Bugu: duka ɗaya a kan ganga ko maɓalli.
- Taku: inda ƙafar mai rawa take sauka. Shi ne ma'aunin saurin kiɗa.
- Ɗaki: rukunin taku da ake ƙirgawa tare, galibi huɗu huɗu.
- Ɗigo: ƙaramin yankin da na'ura take raba taku ɗaya.
- Layi: wurin da aka ware wa abin kiɗa guda, misali layin kalangu ko layin tafi.
- Zubi: ɗakuna kaɗan da aka buga, waɗanda na'ura take maimaitawa.
- Jeri: zubi daban daban da aka tsara bi da bi suka zama kiɗan waƙa.

Rubutun da ke jikin maɓallan waɗannan na'urori da Turanci yake, don haka za a kawo shi yadda yake domin a gane shi da ido.

Daga ina na'urar ta fito?

A 1980 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da na'urar ganga mai suna TR-808. Tana da maɓallai 16 a jere, kowanne yana wakiltar gurbi ɗaya a cikin ɗaki. Inda aka danna, nan ganga za ta yi ƙara. A wannan shekara wani Ba'amurke mai suna Roger Linn ya fito da LM-1, wadda aka zuba wa sautin gangunan gaske da aka naɗa. A 1983 kamfanoni suka amince da wata ƙa'ida mai suna MIDI, wadda ta sa na'urar wani kamfani take jin umarnin ta wani. A 1988 Linn ya haɗa gwiwa da kamfanin Akai suka fito da MPC60, mai madannai 16 na roba da ake bugawa da yatsu, tana ɗaukar zubi har 99. Bayan shekara biyu, a 1990, Alesis SR-16 ta fito, ƙarama mai sauƙin kuɗi, da zubi 50 na kamfani da gurbin wasu 50 na mai ita.

A ƙasar Hausa abin ya fi shigowa ta hanyar fim. An yi Turmin Danya a Kano a 1990, kuma a cikin shekarun da suka biyo baya ɗakunan naɗar sauti irin na Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda yake da na'urar ganga da ta jera kiɗa a cikinsa. Waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 sun watsu ko'ina, daga nan kiɗan fiyano ya zama ruwan dare. Yau ɗakunan naɗa da yawa sun koma kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio, sai dai tsarin aikin bai sauya ba. Wanda ya iya shi a kan MPC ko fiyano ba zai sha wuya a gaban kwamfuta ba.

Abin da na'urar take riƙewa

Rikoda tana naɗar sauti ne ɗungurungum. Idan makaɗi ya yi kuskure a kaset, sai dai a sake. Na'urar jera kiɗa kuwa umarni take rubutawa. Duk bugun da aka yi, tana riƙe abu huɗu: wane sauti aka taɓa, a wane lokaci, da wane nauyin hannu, kuma ya daɗe nawa. Nauyin hannu lamba ce daga 1 zuwa 127. Taɓawa a hankali tana iya ba da 40, duka da ƙarfi ya ba da 120.

Tun da umarni ne a rubuce, ana iya goge ɗaya a bar saura, ana iya matsar da shi gaba ko baya, ana iya cewa a sake bin umarnin sau goma. Ana ma iya sauya sautin, a ce bugun da aka yi da ganga ya fito da muryar ƙwarya, ba tare da an sake taɓa madanni ba.

Yadda take ƙirga lokaci

A allon MPC za ku ga lambobi uku a jere, kamar haka: 001.01.00. Ta farko ɗaki ce, ta biyu taku, ta uku ɗigo. Idan allo ya nuna 003.02.48, ana nufin ɗaki na 3, taku na 2, ɗigo na 48. Tsoffin MPC suna raba taku ɗaya zuwa ɗigo 96, saboda haka 48 shi ne tsakiyar taku daidai, kuma ɗaki mai taku huɗu yana da ɗigo 384.

Saurin kiɗa kuma ana auna shi da yawan taku a minti guda. Idan sauri 120 ne, kowane taku rabin daƙiƙa ne, ɗaki guda daƙiƙa 2. Ke nan waƙar minti biyar, wato daƙiƙa 300, tana bukatar ɗaki 150. Da wannan lissafi ake sanin yawan kwafin da za a yi tun kafin a fara.

Raba biyu ko raba uku

Nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, don haka a natsu. Hannun mutum ba ya sauka daidai kan ɗigo. Na'ura tana da wani aiki na jawo kowane bugu zuwa gurbi mafi kusa da shi. A MPC ana kiransa TIMING CORRECT, a fiyanon Yamaha kuma QUANTIZE. Mai aiki ne yake gaya mata girman gurbin.

Idan aka zaɓi 1/16, taku ya rabu huɗu, gurabe suna kan ɗigo 0, 24, 48 da 72. Yawancin na'urori da wannan saiti suke tashi. Amma kaɗe-kaɗenmu da dama, na kalangu da na ƙwarya da na gangar noma, uku uku suke raba taku. Gurabensu suna kan 0, 32 da 64. A MPC ana rubuta wannan saiti da 1/8 da lamba 3 a gefensa.

Ga abin da ke faruwa idan aka manta. Makaɗi ya buga ukunsa lafiya lau: 0, 32, 64. Na'ura tana kan 1/16. Ta duba 32 ta ga ya fi kusa da 24, ta mayar da shi baya da ɗigo 8. Ta duba 64 ta ga ya fi kusa da 72, ta tura shi gaba da ɗigo 8. Tazarar da take 32, 32, 32 ta koma 24, 48, 24. Kiɗan ya fara ɗingishi, mai rawa ya rasa inda zai sa ƙafa. Idan aka kwafi wannan zubi sau 150, an yi ɗingishi 150 ke nan. Saboda haka kafin a danna REC, a tafa kiɗan da hannu, a ƙirga: biyu yake rabuwa ko uku? Sannan a saita na'ura.

Hanyoyin kwafa

Kowace irin kwafa tana amsa tambaya huɗu: daga ina, zuwa ina, daga wane ɗaki zuwa wane, kuma sau nawa. A karanta amsoshin a allo sau biyu kafin a tabbatar.

*1. Kwafar zubi sukutum.* Ana ɗaukar zubi na 01 a zuba shi a lamba 02, da layukansa da saurinsa duka. Da wannan ake fara kowane gyara. A tabbata lambar da za a zuba wa babu kowa a ciki, domin abin da ke wurin zai tafi.

*2. Kwafar ɗakuna.* Ana zaɓar ɗaki na farko da na ƙarshe, a faɗi bayan wane ɗaki za a saka su, da kuma sau nawa. Zubi mai ɗaki 4, idan aka kwafi 1 zuwa 4 aka saka bayan na 4 sau ɗaya, ya zama mai ɗaki 8. Sau uku kuwa ya zama 16. Wannan kwafa tana ƙara tsawon zubi, kuma idan a tsakiya aka saka ta, ɗakunan da ke gaba za su matsa.

*3. Kwafar layi ko bugu.* Ana ɗaukar abin da ke layi ɗaya kawai, misali tafi, a kai shi wani layi ko wani zubi. A nan na'ura takan yi tambaya: REPLACE ko MERGE? Na farko yana share abin da ya tarar ya zauna a wurinsa. Na biyu yana haɗa sabo da tsoho. Kowanne da hatsarinsa. Wanda ya zaɓi sharewa bisa kuskure ya rasa aikinsa. Wanda ya zaɓi haɗawa a inda bugun yake tun da farko zai samu bugu biyu a ɗigo ɗaya, sautin ya yi kauri fiye da kima ko ya fito a shaƙe.

*4. Kwafa a fiyano.* Fiyanon Yamaha yana raba kiɗa zuwa INTRO, da MAIN A zuwa D, da FILL IN, da ENDING. A samfuran da ke da STYLE CREATOR, ana iya ɗauko layin ganga daga wani sashe a ɗora a wani ta hanyar ASSEMBLY, a kuma kwafi ɗaki da BAR COPY. Dabarar ɗaya ce: a gina MAIN A, a kwafe shi zuwa B da C, a yi gyara a can.

Hanyoyin gyara

*Goge bugu.* A MPC, yayin da zubi yake juyawa a kan OVERDUB, wato yanayin ƙara bugu a kan wanda aka riga aka buga, a riƙe ERASE a danna madannin sautin a daidai lokacin da bugun da ba a so zai wuce. Muddin yatsa na kai, na'ura za ta ci gaba da gogewa, don haka a ɗaga shi da wuri.

*Gyara ɗaya ɗaya.* A shafin STEP EDIT ana tafiya gurbi gurbi, ana ganin kowane bugu da lambarsa. A nan ake matsar da wanda ya makara, a rage nauyin wanda ya yi tsawa.

*Nauyin hannu.* Makaɗin gaske ba ya buga komai da ƙarfi ɗaya. Ku saurari mai kuntuku a bayan kalangu: bugun da ya faɗo kan taku yana da nauyi, na tsakani suna da sauƙi. Idan layin caki duk ya tsaya a 127, kunne zai gaji kafin minti ɗaya. A gwada 110 a kan taku, 70 da 80 a tsakani, za a ji kiɗan ya sake jiki.

*Ƙara ɗaki ko cire shi.* Idan mawaƙi yana bukatar wurin numfashi, ana saka ɗaki a tsakiya. Idan kiɗa ya yi tsawo, a cire. A tuna cewa cire ɗaki yana shafar dukkan layuka lokaci guda, ba kamar goge bugu ba.

*Rangaji.* Ga kiɗan da ya rabu biyu, akwai SWING, wanda ke ɗan jinkirta bugun tsakani. A MPC yana tafiya daga 50, inda babu jinkiri, zuwa 75. Tsakanin 54 da 60 yakan isa a ji sauyi.

*Komawa baya.* Maɓallin UNDO yana janye aikin ƙarshe. A tsoffin na'urori mataki ɗaya kawai yake janyewa, don haka ba ya maye gurbin ajiye uwar zubi.

Misali: kiɗan waƙar biki

A ce an ba ku aikin kiɗan waƙar aure a Kirikasamma. Mawaƙin ya zo da gindin waƙa da ɗiya biyar. Kun tafa kun ji kiɗan uku yake rabuwa, kun sa sauri a 120.

Zubi 01, uwa. Ɗaki 4. Layi na 1 babbar ganga, na 2 kuntuku, na 3 caki, na 4 kalangu. A saurare shi yana juyawa aƙalla minti biyu, mawaƙi ya rera a kai, wani ya taka rawa. Idan akwai abin gyara, yanzu ne lokacinsa. Da ya zauna, a adana shi, kada a ƙara taɓa shi.

Zubi 02, gindi. A kwafi 01 zuwa 02, a ninka ɗakunan su zama 8. A buɗe layi na 5 a sa tafi, domin nan 'yan amshi za su shigo, ana son wurin ya cika.

Zubi 03, ɗa. A kwafi 01 zuwa 03, a mai da shi ɗaki 16. A goge kalangu daga inda mawaƙi yake magana, a bar shi yana amsawa a ƙarshen kowane ɗaki huɗu. A ɗaki na 16 a share taku biyu na ƙarshe a layin ganga, a buga juyi da hannu, wanda zai sanar da 'yan amshi cewa gindi ya iso.

Zubi 04, buɗewa. A kwafi 01 zuwa 04. A ɗaki biyu na farko a bar kuntuku da caki kaɗai, ganga ta shigo a na uku.

Zubi 05, rufewa. A kwafi 01 zuwa 05, a cire ɗaki biyu, a ƙare da bugu ɗaya mai nauyi wanda duk gangunan suka haɗu a kansa.

Sai a shiga shafin SONG a jera: 04, sannan 02 da 03 bi da bi har sau biyar, sannan 02, sannan 05. Lissafi: 4, a tara da 24 sau 5 wato 120, a tara da 8, a tara da 2. Jimla ɗaki 134, daƙiƙa 268, wato minti 4 da daƙiƙa 28. Uwar zubin da ta haifi wannan duka daƙiƙa 8 ce.

Akwai abin lura a nan. Jeri ba ya kwafar zubi, kiran lambarsa yake yi. Idan aka gyara 03, gyaran zai bayyana a ɗiya biyar ɗin gaba ɗaya. Wannan sauƙi ne idan kuskure ake cirewa. Amma idan ɗa na huɗu kaɗai ake son ya bambanta, misali nan ne ake kiran sunayen iyayen amarya ana son kiɗa ya lafa, dole a kwafi 03 zuwa 06, a yi gyaran a 06, a sa shi a gurbin na huɗu.

Kuma ya kamata a yi irin wannan bambanci. Ɗiya biyar masu kiɗa iri ɗaya sak suna kashe wa mai sauraro jiki. A wani a cire caki, a wani a sauya juyin ƙarshe, a na ƙarshe a ƙara tafi. Gyara kaɗan ya wadatar.

Batun kalangu

Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, yana bin hawa da saukar muryar Hausa har mai sauraro ya gane take ko suna. Madannin na'ura sauti ɗaya yake fitarwa. Domin a kusanci na gaske, sai a tanadi sauti uku a madannai uku: na sama, na tsakiya, na ƙasa. A MPC akwai 16 LEVELS, wanda ke iya shimfiɗa sauti guda a kan madannai 16 daga ƙasa zuwa sama.

Wannan yana da alaƙa da kwafa kai tsaye. Idan wata mai biki ta zo aka ɗauko kiɗan da aka yi wa wata, layin ganga da na caki za su yi aiki. Layin kalangu kuwa, idan sunan waccan amarya yake kira, ba zai dace da sunan wannan ba, domin yawan gaɓoɓin sunan da hawa da saukarsa sun bambanta. Sai an goge an sake. Idan kuɗin aikin ya kai, abin da ya fi shi ne a gayyato mai kalangu ya buga nasa a kan kiɗan na'ura, a biya shi haƙƙinsa.

Adana aiki

Tsoffin MPC suna mance duk abin da ba a adana ba da zarar wuta ta ɗauke. Haka fiyano yake yi da salon da aka gyara ba a ajiye ba. A wurin da ake aiki da janareta ko batirin sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ku saba da waɗannan:

- A danna SAVE bayan kowane gyara mai muhimmanci.
- A ba kowane zubi suna mai ma'ana: UWA, GINDI, DA1, RUFEWA.
- A ajiye aiki a wuri biyu, cikin na'ura da kuma kati ko filashi.
- A rubuta lambar zubi da saurinsa da yawan ɗakunansa a littafi.
- A rufe na'ura da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, a ɗaga ta daga ƙasa da damina saboda laima.

Kwafar da ba ta halatta ba

Duk kwafar da aka koya a sama ta aikin mutum ce na kansa, ko ta zubin da kamfani ya sa a na'ura domin a yi amfani da shi. Ɗauko kiɗan wani daga filashinsa ba da izini ba, ko yanko shi daga waƙarsa a sayar, cin amana ne kuma saɓa doka ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare kiɗa da sautin da aka naɗa, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce take kula da ita. Salon gargajiya kamar na kalangu ko na amada kowa yana iya koyo ya buga da hannunsa, amma abin da wani ya naɗa nasa ne. Yana da kyau kuma tun farko a yi magana a fili da mai ba da aiki: kiɗan nasa ne shi kaɗai, ko mai ɗakin naɗa yana iya sake amfani da shi? Farashin biyun ba ɗaya ba ne.

Aiki a aji

Wannan aiki ba ya bukatar na'ura.

1. Ku kasu rukuni rukuni, mutum huɗu huɗu. Ku haƙa gurabe a ƙasa irin na dara, layi uku, kowane layi gurbi 12. Wannan ɗaki ɗaya ne mai taku huɗu, kowane taku gurbi uku.
2. Layin sama na ganga ne: a sa tsakuwa a gurbi na 1, 4, 7 da 10. Na tsakiya na tafi ne: a sa a na 4 da na 10. Na ƙasa na caki ne: a cika duka 12.
3. Mutum ɗaya ya riƙa ƙirga 1 zuwa 12 ba tsayawa. Sauran ukun kowa ya ɗauki layi, ya yi sauti idan ƙirga ta zo kan tsakuwarsa.
4. Ku haƙa wasu gurabe a gefe ku kwafi tsarin daidai. A kan kwafin, ku ƙara ganga a gurbi na 11 da 12, ku cire caki daga 10 zuwa 12.
5. Ku buga na farko sau uku, na biyu sau ɗaya, ku maimaita. Kun yi uwar zubi, kun yi juyi, kun yi jeri.

Idan akwai fiyano ko na'urar ganga a garin, malami ya roƙi mai ita ya zo aji ya shigar da wannan tsari, a ji yadda zai fito.

Taƙaitawa

Na'urar jera kiɗa umarni take riƙewa, shi ya sa ake iya gyara kowane bugu. Tana ƙirga lokaci da ɗaki da taku da ɗigo. Kafin naɗa, a tantance ko kiɗa biyu yake rabuwa ko uku. A gina uwar zubi, a adana ta, a fitar da gindi da ɗiya da buɗewa da rufewa daga kwafinta. Gyaran zubi yana shafar duk inda aka kira shi a jeri. A bambanta kwafi da kwafi domin kiɗa ya yi rai, a kuma kiyaye haƙƙin wasu.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu na'ura take riƙewa game da kowane bugu?
2. Me ake nufi da 005.03.32?
3. Bugu yana kan ɗigo 64, na'ura tana kan 1/16. Ina zai koma, kuma me hakan zai yi wa kiɗan?
4. Zubi yana da ɗaki 2, ana son ya zama 8. Sau nawa za a kwafa?
5. Mene ne bambancin REPLACE da MERGE?
6. Tallar rediyo ta daƙiƙa 60 a sauri 120 tana bukatar ɗaki nawa?
7. Me ya sa layin kalangu yake bukatar sabon gyara idan sunan amarya ya sauya?

Aikin gida

Ku saurari waƙa ɗaya mai kiɗan fiyano a rediyo ko a waya. Ku tafa ku gano ko biyu take rabuwa ko uku. Ku ƙirga ɗakunan gindinta da na ɗanta na farko, ku rubuta abin kiɗan da ya shigo da wanda ya fita a tsakaninsu. Ku zo da amsar a darasi mai zuwa, inda za mu ɗora layin garaya da na sarewa a kan ganga.